George Bornemissza: Masanin da ya kai buzuzun Afirka Ostireliya don ceto filayen kiwo

A ƙasar Hausa ba kowa ne ke ɗaukar buzuzu da muhimmanci ba. Da damina yara kan tsaya su kalle shi yana gungura dunƙulen kashi da ƙafafunsa na baya, kansa a ƙasa, manya kuwa su wuce ba tare da sun waiwaya ba. Amma a ƙasar Ostireliya, gwamnati da masu kiwon shanu sun shafe shekara 20, daga 1965 zuwa 1985, suna kashe kuɗi domin shigo da wannan ƙwaro daga Afirka da kudancin Turai. Mutumin da ya kawo shawarar, ya kuma jagoranci mafi yawan aikin, shi ne Dakta George Bornemissza, masanin ƙwari ɗan asalin ƙasar Hangari, wanda ya rasu a 2014 yana da shekara 90.

Ana lissafa aikinsa cikin manyan misalan amfani da halitta wajen magance matsalar da ta addabi noma da kiwo, ba tare da feshin magani ba. Tarihin bincikensa ya kuma fito da wani abu da ya shafi kowace ƙasa mai arzikin dabbobi: akwai hidimar da ƙananan halittu ke yi wa manomi da makiyayi kyauta, wadda ba a cika sanin darajarta ba sai a inda aka rasa ta.

Shanu sun zo, mai share musu fili bai zo ba

Kafin zuwan Turawa babu shanu a nahiyar Ostireliya. Jiragen ruwan Birtaniya da suka sauka a 1788 ne suka zo da 'yan ƙalilan na farko. Manyan dabbobin asali masu cin ciyawa a can su ne kangaru da danginsa, waɗanda ke rainon 'ya'yansu cikin wata jakar fata da ke cikinsu. Kashin waɗannan dabbobi ƙanana ne, busassu, sun fi kama da na awaki. Ostireliya na da nata buzuzun na gida, nau'i sama da 400, amma da irin wannan busasshen kashi suka saba tun fil'azal. Kashin saniya kuwa babba ne, mai ruwa-ruwa, kuma yawancinsu ba sa iya sarrafa shi, musamman a buɗaɗɗun filayen da aka sare itatuwa domin kiwo.

Saniya ɗaya kan yi kashi sau 10 zuwa 12 a rana. A tsakiyar shekarun 1970 shanun Ostireliya sun haura miliyan 30. Ke nan a kowace rana ana zubar da tulin kashi sama da miliyan 300 a filayen ƙasar. A Afirka irin wannan kashi kan ɓace cikin kwanaki kaɗan da damina. A Ostireliya kuwa sai ya bushe ya zama kandilo, ya zauna a inda ya faɗi watanni, wani lokacin ma shekaru.

Illar ta kasu kashi uku. Ta farko, ciyawar da ke ƙarƙashin kandilo takan mutu, wadda ke kewaye da shi kuma ta yi tsawo ta yi kauri, shanu su ƙi cin ta, saboda haka filin da aka yi asara ya fi faɗin kashin kansa. Ta biyu, mafi yawan sinadarin naitirojin da ke cikin kashin, wanda shi ne jigon taki, yakan bi iska idan ba a binne shi ba. Ta uku kuma, wadda kowa ya fi ji a jikinsa, ita ce ƙudaje. Ƙudan daji na Ostireliya, wanda masana ke kira Musca vetustissima, a cikin ɗanyen kashin shanu yake hayayyafa, kuma an ƙiyasta cewa tuli ɗaya na iya fitar da ƙuda har 3,000 cikin mako biyu. Ɗan'uwa ne na kusa ga ƙudan nan mai bin idanun yara a ƙasashen Sahel, kuma shi ma ido da hanci da baki yake bi. Ya dami mutanen ƙasar har kaɗa hannu a gaban fuska ya zama abin barkwanci, ana kiran sa gaisuwar 'yan Ostireliya. A arewacin ƙasar kuma akwai wani ƙuda mai shan jinin shanu, wanda ke hana su kiwo cikin natsuwa, ya rage musu ƙiba, ya ɓata fata. Shi ma a cikin kashi yake yin ƙwai.

Baƙon da ya lura da abin da babu

An haifi Bornemissza a 1924 a garin Baja da ke kudancin Hangari. Tun yana saurayi ya fara tara ƙwari masu sulke, wato dangin buzuzu masu taurin fiffike, waɗanda su ne rukuni mafi yawa cikin dukkan halittun da aka sani, domin nau'in da masana suka rubuta sun kai kusan 400,000. Ya yi karatun kimiyya a Budapest, sannan ya sami digirin digirgir kan nazarin dabbobi a Jami'ar Innsbruck da ke Ostiriya ta nahiyar Turai a 1950. A ƙarshen wannan shekara ya yi ƙaura zuwa Yammacin Ostireliya, kamar yadda dubban mutanen tsakiyar Turai suka yi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Ya yi aiki a sashen nazarin dabbobi na Jami'ar Yammacin Ostireliya da ke Perth, kafin a 1955 ya koma sashen nazarin ƙwari na Hukumar Binciken Kimiyya da Masana'antu ta ƙasar, wadda aka fi sani da CSIRO.

Babban bincikensa na farko ya nuna inda hankalinsa ya karkata. Ya ajiye mushen ɓerayen Masar a cikin daji a Perth, ya riƙa bibiyar ƙwarin da ke zuwa kansu rana bayan rana: wa ke fara zuwa, wa ke biyo baya, me ke faruwa da ƙasar da ke ƙarƙashin mushen da halittun da ke cikinta. A maƙalar da ya wallafa a 1957 ya kasa ruɓewar mushe zuwa matakai biyar, daga farkon lalacewa zuwa bushewa, kowane mataki da ƙwarin da suka keɓanta da shi. Wato tun daga farko tambayarsa ita ce: ta wace hanya abin da ya mutu ko aka zubar yake komawa cikin ƙasa, kuma su wa ke yin wannan aiki?

Da irin wannan ido ne ya dubi filayen kiwo na yankin Wooroloo, a gabashin Perth, jim kaɗan da isowarsa ƙasar. Ya ga kandilo birjik, sabo a kan tsoho. Ga mazauna wurin wannan ba abin mamaki ba ne, domin haka suka tashi suka gani. Shi kuwa ya taso ne a inda shanu suke da yawa amma filayen suna da tsabta, kuma ya san dalili. Ya fahimci cewa Turawa sun kawo saniya, sun kawo irin ciyawar da za ta ci, amma sun baro ƙwaron da ke share mata fili.

Irin aikin da buzuzu ke yi

Nau'in buzuzu a duniya sun haura 6,000, kuma sama da 2,000 daga ciki a Afirka suke, saboda a nan ne aka fi samun manyan dabbobi masu cin ciyawa iri-iri, daga giwa da ɓauna zuwa gada da barewa. Masana na kasa su gida uku gwargwadon yadda suke rainon 'ya'yansu, kuma rubuce-rubucen Bornemissza na daga cikin waɗanda suka kafa wannan rabo.

Akwai masu gungurawa, waɗanda aka fi sani a ƙasar Hausa. Su ne ke yankar kashi su dunƙule shi, su tura shi nesa da abokan takara, sannan su binne. Akwai masu haƙa rami, waɗanda ba a cika ganin su ba domin a ƙarƙashin kashin suke aiki. Namiji da mace kan haƙa rami a ƙasa, su riƙa jan kashin ciki suna cusawa, macen ta yi ƙwai ɗaya a cikin kowane dunƙule. Idan ƙwan ya ƙyanƙyashe, tsutsar za ta ci dunƙulen daga ciki har ta girma. Sai na uku, masu zama cikin kashin, waɗanda a nan suke ci su kuma hayayyafa.

Masu haƙa ramin su ne suka fi amfani ga filin kiwo. Idan suka yi yawa suna iya binne tulin kashi cikin kwana ɗaya ko biyu. Ƙuda kuwa na buƙatar kashin ya daɗe da danshinsa kusan mako guda kafin tsutsarsa ta kammala girma, don haka idan buzuzu ya riga shi, ƙwai da tsutsar ƙudan sun halaka. Haka nan ƙwan tsutsar ciki da ke fitowa cikin kashin dabba, waɗanda kan ƙyanƙyashe su hau ciyawa wata dabbar ta haɗiye, da yawansu ba sa kai labari. Ramukan da aka haƙa kuma suna buɗe ƙasa, ruwan sama ya shige maimakon ya gangare, takin ya isa inda saiwa take.

Bornemissza bai tsaya ga bayani da baki ba. A gwaje-gwajen da ya wallafa a 1970 ya nuna cewa idan aka sa isassun buzuzun Afirka a kan kashin da ƙuda ya yi wa ƙwai, ƙudajen da ke fitowa na raguwa da kashi 80 cikin 100 ko fiye. A wani gwajin da ya yi tare da abokin aikinsa C. H. Williams, sun shuka wani nau'in gero na Japan a cikin tukwane, suka gano cewa amfanin ya fi yawa a inda buzuzu ya binne kashin a kan inda aka bar shi a sarari.

Darasin kwaɗon rake

A 1960 ya wallafa wata gajeriyar maƙala a mujallar masana aikin gona ta Ostireliya, wadda takenta tambaya ce: shin ƙwari masu cin kashi za su iya inganta filayen kiwonmu? Sai da aka yi shekara biyar kafin a samu kuɗin fara aiki, daga kwamitin binciken nama na ƙasar, wanda masu kiwo ke zuba wa kuɗi. Shugaban sashen ƙwari na CSIRO a lokacin, Doug Waterhouse, na cikin waɗanda suka tsaya wa shirin.

Akwai dalilin taka-tsantsan. A 1935 an shigo da kwaɗi kimanin ɗari daga tsibirin Hawai zuwa jihar Queensland domin su cinye ƙwarin da ke ɓarnar rake. Kwaɗin ba su magance ƙwarin ba, sai suka yaɗu suka zama annoba, dafin jikinsu na kashe macizai da ƙadangaru da sauran dabbobin gida da suka ci su. Har yau ƙasar na fama da su. Duk wanda ya zo da maganar shigo da wata baƙuwar halitta bayan wannan, dole ya amsa tambayoyi masu tsauri.

Saboda haka aka gindaya sharuɗɗa. Dole nau'in da za a zaɓa ya kasance ba ya cin komai sai kashi, ba ya kuma hayayyafa sai a cikinsa, domin kada wata rana ya juya kan amfanin gona. Dole ya fi son kashin shanu a kan na kangaru, domin kada ya ƙwace abincin buzuzun gida. Dole ya kasance mai saurin binnewa da saurin haihuwa. Sannan dole yanayin ƙasarsa ta asali, wato zafi da sanyi da lokacin saukar ruwa, ya dace da yankin da za a sake shi. Bornemissza ya ƙiyasta cewa ƙasa mai faɗi da bambancin yanayi irin Ostireliya za ta buƙaci nau'i kusan 160 kafin a samu masu aiki a ko'ina, a kowane lokaci na shekara, dare da rana.

Daga Hawai zuwa Pretoriya

An fara da Hawai, inda tun da farko aka shigar da wasu nau'in buzuzu domin yaƙi da ƙudan shanu. Daga can aka samo wani nau'i ɗan asalin Afirka da a lokacin ake kira Onthophagus gazella. An sake shi a farkon 1968 kusa da birnin Townsville da ke arewacin Queensland. Ya karɓi ƙasar nan take, yana yaɗuwa kilomita 50 zuwa 80 a kaka guda, har ya tsallaka teku zuwa wasu tsibirai na kusa da gaɓa. Amma nan da nan aka ga iyakarsa: da zafi da ruwa yake aiki, idan sanyi da rani suka shigo sai ya lafa. Wannan ya tabbatar da cewa nau'i ɗaya ba zai wadatar ba.

A 1970 Bornemissza ya koma Pretoriya a Afirka ta Kudu, inda ya kafa cibiyar binciken buzuzu, ya zauna shekara tara. Dalilin zaɓen wurin shi ne yanayin kudancin Afirka ya yi kama da na Ostireliya: akwai yankuna masu ruwan bazara kamar arewacin Ostireliya, akwai kuma yankin Cape mai ruwan hunturu kamar kudu maso yammacinta. Daga baya aka buɗe wani reshe a Montpellier da ke kudancin Faransa domin nemo nau'in da suka dace da yankuna masu sanyi. Neman buzuzu ya kai Bornemissza ƙasashe sama da 30.

Babbar fargabar hukumomi ita ce cututtukan dabbobi. Ostireliya ba ta da cutar baki da kofato, kuma kasuwar namanta a duniya ta dogara ne a kan hakan. Ƙwaron da ke rayuwa cikin kashin shanun Afirka na iya ɗauko cuta a jikinsa. Ko waɗanda aka fara kawowa daga Hawai an same su ɗauke da wasu mitsi-mitsin ƙwari dangin kaska, don haka ba a sake su kai tsaye ba. Mafitar da aka samu ita ce a daina jigilar manyan ƙwari, a koma jigilar ƙwai kawai.

Aiki ne mai cin rai. A Pretoriya ana kiwon buzuzun har su yi ƙwai. Ma'aikata su fasa kowane dunƙule a hankali su ciro ƙwan, a tsoma shi cikin ruwan fomalin mai ƙarfin kashi 3 cikin 100 domin kashe duk wata cuta da ke bayansa, a shirya shi cikin akwati a rufe, a sa a jirgin sama zuwa Kanbera. A can, cikin ɗakunan killacewa, wasu ma'aikatan su dunƙula kashin shanun Ostireliya da hannu, su kwaikwayi irin dunƙulen da uwar buzuzu ke yi, su sa kowane ƙwai cikin nasa. Waɗanda suka girma a sake kiwon su har su yi yawa, sannan a aika wa makiyaya cikin akwatuna masu iska, su juye su a kan ɗanyen kashi a filayensu. Wasu nau'in sun ƙi wannan tsari gaba ɗaya: ko ƙwan ya mutu a hanya, ko tsutsar ta ƙi girma cikin dunƙulen da ba uwarta ce ta yi ba.

Abin da aka samu da abin da ya rage

Daga 1968 zuwa 1984 an saki buzuzu kimanin miliyan 1.73 na nau'i 43. Binciken da aka tattara a 2007 ya nuna cewa nau'i 23 sun zauna daram suna hayayyafa da kansu. A yankuna da yawa, musamman masu ruwan bazara, kashin da a da kan shekara a fili yanzu yakan ɓace cikin kwanaki a lokacin da ƙwarin ke ganiyar aiki, kuma ƙudan daji ya ragu matuƙa a wurare da dama.

Duk da haka aikin bai kai inda mai shi ya so ba. Nau'i 20 daga cikin waɗanda aka saki ba su rayu ba. Ƙudan da ke shan jinin shanu a arewa har yanzu yana nan, makiyaya na kashe kuɗi a kansa. A kudancin ƙasar an bar giɓi a farkon bazara, lokacin da ƙudaje ke fara yawa amma buzuzun hunturu sun kwanta, na zafi kuma ba su fito ba. A 1985 masu ba da kuɗi suka sauya alƙibla, aka rufe shirin tun ba a kai ko kashi ɗaya cikin uku na nau'in da Bornemissza ya lissafa ba.

Sai dai buƙatar ba ta gushe ba, kuma waɗanda suka biyo baya a kan tafarkinsa suka ɗora. Daga 2012 CSIRO ta shigo da wasu nau'i biyu daga kudancin Turai domin cike giɓin bazara. A 2017 aka fara wani sabon shiri na ƙasa ƙarƙashin Jami'ar Charles Sturt, wanda ya nemo ƙarin nau'i daga Maroko.

Tasirinsa a fagen ilimi

Ana iya ganin sawun Bornemissza a fannoni uku. Na farko shi ne nazarin buzuzu kansa. Kafin shirin Ostireliya, yawancin masu nazarin waɗannan ƙwari sun fi mayar da hankali ga tantance nau'i da sa musu suna. Shirin ya tilasta a amsa wasu tambayoyi na daban: nawa ne kowane nau'i ke binnewa a rana, a wace irin ƙasa, a wane wata, da rana ko da dare, kuma yaya nau'i daban-daban ke zama tare a kan tuli ɗaya. Samfuran da cibiyar Pretoriya ta tara da bayanan da ta rubuta sun zama abin dogaro ga masu nazarin buzuzun kudancin Afirka, kuma masana da dama da suka yi fice a fannin sun fara ne daga wannan shiri.

Na biyu shi ne binciken laifuka. Likitoci da masana ƙwari da ke taimaka wa 'yan sanda wajen gano tsawon lokacin da gawa ta yi kafin a tsince ta suna dogara ne da jerin ƙwarin da ke zuwa kanta. Maƙalarsa ta 1957 kan mushen ɓerayen Masar na cikin tsofaffin ayyukan da har yanzu ake ambato a littattafan wannan fanni.

Na uku shi ne yadda ake kallon hidimar da halittu ke yi wa tattalin arziki. Ostireliya ta zama hujja a aikace ta abin da ke faruwa idan babu mai binne kashi. Wannan ya ƙarfafa wa masana gwiwa su fara lissafa darajar aikin da kuɗi. Wani bincike na 2006 ya ƙiyasta cewa buzuzu na ceto wa masu kiwon shanu a Amurka kimanin dala miliyan 380 a shekara, wani kuma na 2015 ya ƙiyasta fam miliyan 367 a shekara a Birtaniya.

Wasu ƙasashe sun bi sahu. An saki nau'in gazella a jihar Texas ta Amurka a 1972, Brazil ta shigo da shi a ƙarshen shekarun 1980 domin yaƙi da ƙudan shanu, Niyu Zilan kuma ta amince da shigo da nau'i 11 a 2011, ta fara saki a 2013. Amma a nahiyar Amurka labarin na da wata fuska. Can akwai buzuzun gida masu yawa, kuma gazella ya yaɗu daga Texas zuwa Meziko har ƙasashen kudu, wuraren da ba a yi niyyar kai shi ba. Masana da dama yanzu suna sa masa ido a matsayin baƙon da ka iya takura wa 'yan gida. Wannan ya nuna cewa abin da ya yi amfani a Ostireliya ya yi ne saboda akwai gurbi a buɗe, ba don shigo da baƙuwar halitta alheri ne a ko'ina ba.

Abin da ya shafi manomi da makiyayi a Najeriya

Hanyar da Bornemissza ya bi ba baƙuwa ba ce a Najeriya. A shekarun 1970 wani farin ƙwaro mai tsotse rogo ya shigo Afirka daga Kudancin Amurka ba tare da maƙiyinsa ba, ya yi barazana ga abincin miliyoyin mutane. Masana a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Ƙasashe Masu Zafi, IITA, da ke Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Hans Herren, suka saki wani ɗan mitsitsin ƙwaro dangin zanzaro da aka samo daga Paraguay, tun daga 1981, ya kuma shawo kan annobar a faɗin nahiyar. Tunanin ɗaya ne: a gano halittar da aka baro a baya, a tantance ta da kyau, a kawo ta ta cike gurbinta.

Ta fuskar buzuzu kuwa, Afirka ce mai bayarwa. Tsohuwar al'adar nan ta manomi ya gayyaci makiyayi ya sauke garkensa a gona bayan girbi domin samun taki ta dogara ne a kan ƙananan ma'aikatan da ke shigar da kashin cikin ƙasa: gara da rani, buzuzu kuma da zarar ruwa ya sauka. Abin da Ostireliya ta yi shekara 20 tana saye, a nan gado ne.

Sai dai gadon na iya taɓuwa. A 1987 wasu masana biyu na Jami'ar Bristol a Ingila, Richard Wall da Les Strong, suka wallafa bincike a mujallar Nature da ya nuna cewa kashin maruƙan da aka ba maganin tsutsar ciki da kaska mai suna Ivermectin ba ya ruɓewa yadda ya kamata, domin ragowar maganin da ke fita cikin kashin na kashe ƙwarin da ke sarrafa shi. Bincike da dama bayan nan sun tabbatar da cewa maganin na kashe tsutsar buzuzu, yana kuma rage haihuwar manya. Wannan magani na cikin waɗanda aka fi sayarwa a kasuwannin dabbobi na Najeriya, sau da yawa ba tare da likita ya duba dabbar ba. Masana ba su ce a daina yi wa dabbobi magani ba. Shawararsu ita ce a yi shi bisa umarnin likitan dabbobi, ga dabbar da ke buƙata, a daidai awo, maimakon a riƙa bin garke gaba ɗaya da allura a kai a kai, musamman da damina lokacin da buzuzu ke hayayyafa.

Shekarunsa na ƙarshe

Bornemissza ya bar Pretoriya a 1979 ya koma tsibirin Tasmaniya, ya yi ritaya a 1983. Bai rabu da ƙwari ba. Ya shafe sauran rayuwarsa yana tarawa da shirya samfuran ƙwari masu sulke daga sassan duniya cikin akwatunan gilashi domin nuna wa jama'a, ya kuma bayar da tarin ga gidan adana kayan tarihi na Tasmaniya da ke Hobart, da nufin jawo hankali ga dazuzzukan da ake sarewa. A 2001 gwamnatin Ostireliya ta ba shi lambar girma ta ƙasa saboda hidimarsa ga kimiyya.

Masana sun sa wa nau'in ƙwari da dama sunansa. Ɗaya daga ciki shi ne Hoplogonus bornemisszai, wani baƙin ƙwaro mai dogayen muƙamuƙai wanda ba ya tashi, kuma ba a samun sa ko'ina a duniya sai a wani ɗan yankin daji a arewa maso gabashin Tasmaniya. Yana cikin jerin halittun da dokar Ostireliya ke karewa saboda barazanar ƙarewa.

Bornemissza ya rasu a watan Afrilun 2014. Jikokin buzuzun da aka ɗauko ƙwansu ɗaya bayan ɗaya daga Pretoriya suna nan suna aiki a filayen kiwo daga Queensland zuwa Yammacin Ostireliya, masu bincike kuma na ci gaba da neman nau'in da za su cike yankuna da watannin da har yanzu kandilo ke kwana a fili.